Mamatsan katako: waɗanne ya kamata sabon shiga ya fara saya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar manya nake nema. Na fara koyon aikin katako a gida lokacin da ba ni da aiki. Ina da zarto da filen da sikwaya da injin huda, amma mamatsi, wato abin da ake matse katako da shi, ko ɗaya ba ni da shi. Abin da nake son farawa da shi ƙaramin tebur ne, samansa faɗin santimita 60, tsawon mita ɗaya. Falanki huɗu zan haɗa gefe da gefe da gam. Bayan shi sai kantar littattafai da 'yan akwatuna. Na duba iri-iri har kaina ya ɗaure: mai siffar F, mai siffar G, na bututu, mai kunama da ake matsawa da hannu ɗaya, mai sifirin, mai ɗamara. Ƙarfina ba zai wuce guda takwas zuwa goma ba. Akwai kuma wani saiti da nake gani a kwali, guda goma sha biyu a haɗe. In ɗauke shi in huta, ko in tsinta ɗai-ɗai?

Mai Zarto: Wa alaikumus salam. Kafin ka ɗauki kwalin nan, juya bayansa ka karanta abin da ke ciki. Yawanci rabinsu 'yan sifirin ne, sauran kuma gajeru. Ka nemi guda ɗaya da zai buɗe baki ya haɗiye santimita 60. In babu, to teburinka bai samu komai ba a cikin goma sha biyun.

Baba Kafinta: Yaro, sannu da ƙoƙari. Da ka faɗi aikin da za ka yi, ai ka riga ka amsa rabin tambayarka. Ga abin da zan ce ka saya: na bututu guda huɗu, masu cin bututun inci uku bisa huɗu, da masu siffar F guda huɗu, masu buɗewa santimita 30. Takwas ke nan. Na bututun su za su haɗa maka saman tebur da gangar jikin kanta. Masu F ɗin kuma su ne hannunka na uku a kullum: su riƙe maka katako a kan benci kana yanka, su riƙe ƙafar tebur da sandarta, su danne madaidaicin katako kana bin layi da zarto. Daɗin na bututu shi ne kawunan kawai kake saya, bututun kuma a yanka maka tsawon da kake so. Gobe in aiki ya fi tsawo sai ka canja bututu, kawunan suna nan.

Matashin Kafinta: Baba, da girmamawa, amma zamani ya wuce nan. Mutumin da yake aiki shi kaɗai, hannu ɗaya na riƙe da katako, da wane hannun zai murɗa sukuru? Ni masu kunama nake amfani da su, irin Quick-Grip na kamfanin Irwin. Ka danna sau uku ya kama, ka taɓa ɗan maɓalli ya saki. Bakinsu roba ne, ba sa yi wa katako tabo. Wasu ma ana juya kansu su zama masu buɗa abu daga ciki. Ɗan'uwa, ka sayi shida daga cikinsu ka more rayuwarka.

Injiniya: Matashi, bari mu ɗan yi lissafi, don maganar ba ta zamani ba ce, ta ƙarfi ce. Masu yin farin gam na Titebond sun rubuta matsin da suke so a kan haɗi. Idan aka mayar da shi ma'aunin da muka saba, katako mai laushi yana son kimanin kilo 7 zuwa 10 a kan kowane murabba'in santimita, mai tauri kuma 12 zuwa 17. Yanzu ɗauki falankin ɗan'uwanmu. In kaurinsa santimita 2 ne, tsawonsa 100, fuskar da gam zai kama murabba'i 200 ce. Ka ninka da 7, ka samu kilo 1,400, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci, a katako mai laushi. Mai kunama matsakaici, abin da ke rubuce a jikinsa fam 300 ne, wato kilo 136. Ka ga sai ka jera fiye da goma kafin ka kai. Na bututu ɗaya kuwa in an murɗa shi sosai yana kai wajen kilo 450. Huɗun da Baba ya faɗa sun wuce abin da ake nema.

Wani abu da mutane ke ruɗewa a kai: don layin gam uku ne tsakanin falanki huɗu, ba sai ka ninka lissafin sau uku ba. Ƙarfin da ya shiga ta gefe ɗaya shi ne yake ratsa dukkan layukan ya fita ta ɗayan.

Matashin Kafinta: To ai akwai manyansu masu fam 600.

Injiniya: Akwai. Sai dai ka gwada danna shi har ya kai wannan adadin, ka ji yadda tafin hannunka zai gaya maka. Kuma dogon mai kunama mai ƙarfi haka, kuɗinsa ya kama hanyar abin da ya fi shi amfani. Ban ce ba su da rana ba. Guda biyu suna da kyau don kama abu na ɗan lokaci kafin ka kawo na gaske.

Baba Kafinta: Injiniya, na gode da ka tsaya min, amma kada lissafin nan ya tsorata yaro ya ɗauka ƙarfi ne ke haɗa katako. Filen ne ke haɗa katako. Yaro, kafin ka buɗe robar gam, ɗora gefen falanki ɗaya a kan gefen ɗayan, ka ɗaga su saitin haske ka leƙa. In haske yana ratsowa ta ƙarshe ko kuma falankin sama yana rawa, koma kan filen. Wanda ya ƙi komawa ya ce mamatsi zai rufe masa giɓin, zai rufe kuwa ranar nan, amma katakon yana nan yana ja, wata rana sai ka ji ya tsage daga bakin layin. Magabata da gam ɗin fata mai zafi suke shafa gefe biyu, su goga ɗaya a kan ɗaya har ya kama, su jingine shi ba mamatsi ko ɗaya, kuma haɗin ya zauna. Gefen ne ya miƙe sosai.

Abin da nake yi, nakan bar ɗan rami siriri a tsakiyar layin, wanda da ƙyar takarda za ta shiga, ƙarshen biyu kuma su haɗu tsaf. Da ka matse tsakiya, ƙarshen sun ƙara damƙewa da kansu. Ƙarshen falanki ne ke saurin bushewa ya tsuke, can ne tsagewa ke farawa.

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum. Duk kun tafi kan tebur kun manta ya ce har da akwatuna. Ni aikina ke nan, ƙananan akwatuna da firam na hoto, kuma na bututu ba ya min komai a nan. Nauyinsa kaɗai ya isa ya karkatar da akwati mai kaurin santimita ɗaya. Ƙanena, cikin masu F ɗin nan ka sa biyu ko huɗu su zama ƙanana, masu buɗewa santimita 15, marasa nauyi. Su ne za ka fi ɗauka fiye da kowanne. Sannan mai ɗamara guda ɗaya, wanda ke zagaye akwatin ya matse kusurwa huɗu lokaci guda.

In kuma kusurwar yankan digiri 45 ce, ni tef ɗin takarda ma nake sawa. Ka shimfiɗa gefuna huɗun a jere, bayansu yana sama, bakinsu na taɓa juna, ka manna tef a kan kowace mahaɗa. Ka juya, ka shafa gam, ka naɗe su su zama akwati, ka ja tef na ƙarshe da ƙarfi. Yana fita tsaf.

Mai Zarto: Anti ta faɗi gaskiya. Dogon mamatsi zai iya kama ƙaramin abu, amma ragowar ƙarfen zai yi ta sokin cikinka kana zagaya benci.

Oga Durowa: Ni ban yarda da duk wannan tsince-tsincen ba. Araha ba ta ado. Ya haƙura ya tara kuɗi ya sayi masu manyan muƙamuƙai da ke tsayawa daidai da juna, irin K Body na Bessey. Bakinsu dogo ne kuma shimfiɗaɗɗe, ba ya karkata in an matse, don haka kabad ko durowa ba ta gocewa daga sikwaya. Suna tsayawa da kansu a kan benci, ka ɗora falanki a kansu kawai. Wanda ya taɓa aiki da su ba zai koma kan bututu ba.

Baba Kafinta: Oga, kai kabad kake yi dare da rana, dole ka so su. Yaron nan da kuɗin guda biyu irin naka zai iya rasa sauran shidan. Kuma biyu ba sa haɗa saman tebur. Ya fara da abin da zai gama masa aikin farko.

Oga Durowa: Ai shi ya sa na ce ya tara, Baba.

Maman 'Yan Biyu: Yana tarawa katakon yana zaune yana kallonsa? Ka bar shi ya fara mana, Oga.

Mai Kula da Zaure: Na goge saƙonni biyu na masu tallan kaya. Wanda ke da abin sayarwa ya kai sashen talla. A ci gaba.

Malamin Fasaha: Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗalibai wannan aikin, kuma na ga yadda mamatsai ke mutuwa a hannun masu koyo, don haka bari in yi magana kan yadda ake gane nagari, musamman mai siffar F, don a nan ne jabu ya fi yawa. Su biyu za ka gani kamanninsu ɗaya, fenti ɗaya, amma ɗaya kayan aiki ne, ɗaya kwalliya.

Ka ɗauke shi ka matsa shi a gefen tebur da ƙarfi, ka kalli sandar. In ta lanƙwashe kamar baka tun ba ka gaji ba, ajiye shi. Sanda mai lanƙwasa tana sa bakin ya buɗe ta gaba, sai matsin ya koma kan gefe ɗaya ya ture katakon. Bayan haka ka lura da hannun da ke zamewa a kan sandar. Yana kama sandar ne ta hanyar ɗan karkacewa da yake yi in an matse, wasu kuma suna da 'yan faranti na ƙarfe a ciki masu cizon sandar. In kana murɗawa kana jin yana ja da baya kaɗan-kaɗan, ba zai gyaru ba. Sai ɗan faifan da ke kan sukurun: ya kasance yana juyawa a sake, yana kuma ɗan karkata kowane gefe. In ya ƙame, yana juyawa tare da sukurun, zai murje fuskar katakon kuma ya ja haɗin ya goce daidai lokacin da gam ke santsi. Haƙoran sukurun su zama masu kauri da faɗin kai, ba sirara irin na ƙaramin noti ba. Mariƙin kuma ya cika hannu.

Akwai ma'aunin da sababbi ba sa dubawa, wato zurfin maƙogwaro, nisan da ke tsakanin sanda da tsakiyar faifan. Na gama-gari santimita 6 zuwa 8 ne, ya isa yawancin aiki. In kana son kai matsi tsakiyar allo mai faɗi sai mai 12 ko fiye, amma wannan ba na farko ba ne.

Kuma kada ka sayi guda ɗaya na kowane iri don ka gwada. Aikin katako gefe biyu ne da shi, abin da ka matse a dama sai ka matse a hagu. Biyu-biyu ko huɗu-huɗu, masu tsawo ɗaya.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri, Malam. To mai siffar G fa? Ba wanda ya ambace shi, kuma shi na fi gani a ko'ina.

Mai Zarto: Ƙarfi kam yana da shi, amma ka yi ta murɗa sukuru daga sama har ƙasa kafin ya taɓa katako. Masu walda sun fi jin daɗinsa. Faifansa ƙarami ne, kan ka ankara ya huda maka rami a fuskar aiki.

Baba Kafinta: Kada ku raina shi. Inda injin ke girgiza, shi ne ba ya saki. In za ka ɗaure katakon tsayarwa a jikin injin huda ko ka kafe wani abu a benci ya kwana biyu, G za ka nema. Sai dai a sa masa guntun katako a baki. Amma na yarda, ba ya cikin takwas na farko.

Matashin Kafinta: Tunda kun kayar da ni, bari in tambaya. Na ji ana cewa in ka matse da yawa gam ɗin duk zai fice, haɗin ya zauna ba komai. Da na bututun nan mai kilo 450 ba haka za a yi ba?

Injiniya: Da farin gam, a katako mai tauri, da wuya hannun mutum ya kai ga haka. Siririn layin gam ma shi ya fi ƙarfi. Inda maganar take da gaskiya shi ne gam mai haɗi biyu, efoksi, shi yana son a bar masa ɗan kauri, don haka a hankali ake matsa shi. Ɓarnar da yawan matsi ke yi a zahiri ita ce ya lotsa gefen katako, ko ya sa allon gaba ɗaya ya yi doro.

Baba Kafinta: Doron nan shi ne abin da zai fara samunka, yaro, don haka saurara. Bututu yana ɗan lanƙwasawa in an matse. In duka huɗun suna ƙasa, allon zai bi su. Sai ka sa biyu a ƙasa, biyu a sama, kana tsallakawa: ƙasa, sama, ƙasa, sama. Ka tabbata sukurun yana saitin tsakiyar kaurin falankin, ba sama ba, ba ƙasa ba. Kada ka ƙure ɗaya ka koma kan na biyu. Ka bi su zagaye-zagaye kaɗan-kaɗan, daga na tsakiya zuwa na gefe. Alamar ya isa ita ce ka ga gam ya fito ɗigo-ɗigo a jere tun daga farkon layi har ƙarshe. Da ka ga haka, cire hannunka. Sannan ka ɗora madaidaicin ƙarfe a kan faɗin allon ka duba ko ya kwanta.

A nan ne masu F ɗinka huɗu za su yi aiki. Falanki masu gam suna zamewa, wani ya hau wani ya sauka. Ka samu sanduna huɗu miƙaƙƙu, biyu a kowane ƙarshen allon, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka matse su da masu F. Su za su tilasta wa falankin zama a fuska ɗaya. Ka manna wa sandunan tef mai santsi, in ba haka ba su ma sun zama cikin teburin.

Injiniya: Ƙari kan tazara. Matsi yana bazuwa daga bakin mamatsi ne a kusurwar digiri 45 ta kowane gefe. Falankin gefe mai faɗin santimita 15 zai baza shi ya rufe kusan santimita 30 a layin gam na farko. Shi ya sa huɗu suka dace da mita ɗaya. Da falankin gefen siriri ne, da sai an ƙara yawansu, ko a sa katako mai faɗi tsakaninsa da bakin mamatsin.

Malamin Fasaha: Abu biyu game da bututun kansa. Baƙin bututu in ya haɗu da danshin gam a kan katako mai yawan sinadarin tanin, yana barin baƙin tabo da ke shiga cikin katakon, samfefa ba ta cire shi da sauƙi. Ka manna tef a bututun daidai inda layin gam zai sauka, ko ka ɗan ɗaga allon kada ya taɓa shi. Farin bututu mai rufin zinki ba ya wannan tabon sosai, amma faranti masu cizo sukan kankare rufin su zame. Ni na fi son baƙin, a goge masa man da ke jikinsa kafin a fara.

Na biyun, lokaci. Farin gam na yau da kullum minti huɗu zuwa shida yake ba ka bayan ka shafa, mai jinkirin kamar Titebond III kuma takwas zuwa goma. Wanda ya shafa gam sannan ya fara neman inda ya ajiye mamatsi, ya makara. Ka haɗa komai a bushe tukuna, ka matse, ka duba, ka sassauta kowane mamatsi kaɗan ka ajiye shi a buɗe daidai girman aikin. Haɗin da ba a tilasta shi ba, minti talatin zuwa awa ɗaya ya isa a cire mamatsai, amma kada a wahalar da shi sai bayan awa 24. Wannan yana nufin da huɗun nan kana iya haɗa allo biyu ko uku a yini ɗaya.

Mai Zarto: Kuma in kuɗin bai kai ba, akwai hanyar da ba ta cin ko sisi. Ka kafe sanduna biyu a kan wani allo mai kauri da sukuru, tazararsu ta ɗan fi faɗin aikin. Ka sa falankinka a tsakani, ka yanka weji, wato guntun katako mai kauri ta kai ɗaya siriri ta ɗayan, biyu-biyu masu fuskantar juna, ka buga su da guduma a giɓin. Matsin da weji ke bayarwa ba wasa ba ne. Tsohon tub na keke kuma in ka yanka shi dogo-dogo, yana ɗaure abin da ba shi da siffa, kamar ƙafar kujera da ta tsage. Kowane zagaye yana ƙara matsi a kan na baya.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga abin da na tsayar: na bututu huɗu, masu F na santimita 30 guda huɗu, ƙanana na 15 guda biyu. Mai ɗamara sai na zo kan akwatuna, kafin nan zan gwada dabarar tef ɗin Anti. Matashi, ka yi haƙuri, masu kunama sai zagaye na biyu. Bututun zan ce a yanka min santimita 60-60 daidai faɗin teburin.

Baba Kafinta: A'a, tsaya! Kawunan biyu suna cin wajen santimita 12 zuwa 15 na bututun, ga guntayen katakon da za ka sa a baki. In ka yanka 60 ba zai kama 50 ba. Kantar littattafan nawa ne faɗinta?

Sabon Shiga: Santimita 80, Baba.

Baba Kafinta: To a yanka maka mita ɗaya-ɗaya, zai ɗauki teburin ya ɗauki kantar. Kuma ka ce a yi wa kowane bututu tiredi, wato haƙora irin na sukuru, a kai biyun, ba ɗaya ba. Kai ɗaya na mamatsin ne. Ɗayan kuma ranar da ka tashi yin abu mai tsawo, ka sa soket ka haɗa biyu su ba ka kusan mita biyu.

Oga Durowa: In ya haɗa biyu a inci uku bisa huɗu ba laifi. Amma kada wani ya ruɗe shi ya ɗauki na rabin inci don ya fi sauƙin nauyi, a wannan tsawon lanƙwashewa zai yi.

Matashin Kafinta: Ni dai ina nan, ranar da ka riƙe ƙafar tebur da hannu ɗaya kana laluben sukuru da ɗayan, ka dawo ka faɗa mana.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, in ka zo haɗa kantar, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangare biyu kafin gam ya kama. In awon bai zo ɗaya ba, ka ɗan karkata mamatsan zuwa ɓangaren da ya fi tsawo, ka sake matsewa, ka sake aunawa. Ka turo mana hoto mu gani.